Katako daga karan rama: yadda ake matse shi, a gwada shi, a shimfiɗa shi a ɗaki

Ranar da na fara nuna wa kafintan unguwarmu a Birnin Kebbi hoton falankin da Amurkawa ke yi da karan wiwi, sai ya karɓi wayar ya ƙura mata ido, ya ga dai katako ne sumul mai zane kamar na madaci. Da na faɗa masa abin da aka yi shi da shi, sai ya miƙo min wayata da sauri, ya ce, "Malam, wanga ai wiwi na! So kaka yi a tai da ni?" Muka yi dariya, amma maganarsa tana kan hanya, kuma da ita ya kamata a fara.

Kayan da ake magana a kansa sunansa HempWood. Wani kamfani ne ke yin sa a garin Murray na jihar Kentaki tun 2019, kuma wanda ya kafa shi, Greg Wilson, ya daɗe a Sin yana aikin matse gora ta zama katakon daɓe kafin ya koma gida ya gwada dabarar a kan wiwin masana'anta. Wannan nau'in wiwi sinadarinsa mai sa maye, wato THC, bai wuce kashi 0.3 cikin 100 ba, shi ya sa dokar noma ta Amurka ta 2018 ta halatta shuka shi. A kamfanin suna murƙushe karan, su tsoma shi a gam na waken suya, su busar, su matse shi a cikin ƙarfe da ƙarfi mai yawan gaske, su gasa, sannan su yanka shi falanki-falanki. Kamfanin yana cewa ya fi katakon oak, wanda Turawa ke daɓe ɗaki da shi, tauri da kusan kashi 20 cikin 100. Karan kuwa wata huɗu yake yi a gona, alhali itacen oak sai ya shekara sittin ko fiye kafin a sare shi.

A Najeriya babu wannan bambanci. Dokar 1966 da ta haramta wiwi da dokar 1989 da ta kafa hukumar NDLEA ba su ware mai maye da marar maye ba: shuka shi laifi ne, ko da niyyarka katako ce. Duk wanda ya kawo maka iri ya ce "wannan na masana'anta ne, ba komai", ka sallame shi tun daga ƙofa.

Abin da ya sa ban yar da maganar ba shi ne, sirrin ba a wiwin yake ba. Yana cikin abu uku: dogon kara mai zare, gam, da matsi. Kara mai zare kuwa muna da shi tun kaka da kakanni. Rama ce, wadda ake kwaɗa ganyenta da ƙuli-ƙuli, ake tufka igiya da ɓawonta. Masana suna kiranta Hibiscus cannabinus saboda ganyen wasu nau'o'inta ya yi kama da na wiwi, amma 'yar gidan su kuɓewa da yakuwa da auduga ce, ba ta da maye ko kaɗan. Ginin karanta iri ɗaya ne da na wiwi: ɓawo mai dogon zare a waje, wajen kashi ɗaya cikin uku na nauyin karan, da farin kara marar nauyi a ciki. Ba mu ne farkon masu tunanin ba. Kamfanin Panasonic ya yi allon gini da zaren rama a Malesiya, masu ƙera motocin Toyota suna sa shi a cikin murfin ƙofofi, kuma a nan gida cibiyar binciken noma ta IAR&T da ke Ibadan ta fitar da iri irin su Ifeken 100 da Ifeken 400.

Dalilin wahalar kuma kowa ya san shi. Falankin da ke kasuwar 'yan katako daga Kudu ake ɗauko shi, kuɗin mota kaɗai ya isa ya kashe ciniki. Giginyar da ake fasa azara da ita ta yi ƙaranci, madobiya kuwa an sare ta an loda zuwa Sin har sai da yarjejeniyar CITES ta ƙasa da ƙasa, mai kula da cinikin namun daji da itatuwa, ta taƙaita cinikinta a 2017. Kebbi na cikin jihohi 11 da ake dasa katangar itatuwa don tare hamada. Ba daidai ba ne hannun dama na dasawa, na hagu na sarewa.

Mataki na farko: gonar

Ramar miya da ramar katako shukarsu ta bambanta. Ta miya ana ba ta fili ta yi rassa ta yi ganye. Ta katako so ake ta miƙe ɗoɗar kamar sanda, don haka a cunkushe ake shuka ta: tazarar santimita 30 zuwa 50 tsakanin layi da layi, 5 zuwa 10 tsakanin tushe da tushe. Idan suka matsu, kowace sai ta yi sama neman rana, ta kai mita 3 ko 4 cikin wata huɗu zuwa biyar. A shuka da zarar ruwa ya zauna, a watan Yuni ko farkon Yuli. Ba ta son ƙasar da ruwa ke kwanciya tana ƙarama, saboda haka tsakiyar fadamar shinkafa ba wurinta ba ne, gefen tudu ya fi. A ƙasa mai yashi kuma tsutsar da ke sa saiwa ƙulli-ƙulli tana damunta, kada a maimaita ta a wuri ɗaya shekara biyu a jere, a sa gero ko dawa a tsakani.

Lokacin yanka shi ne sa'ad da fure ya fara buɗewa. A yanka daga gindi, a zage ganyen a kai gida ko a ba dabbobi, a ɗaure karan dami-dami a jingine su tsaye. Kada a kwantar da su a ƙasa, gara ba ta jiran gayyata.

Wanda ba shi da gona, ko yake so ya gwada kafin ya sa kuɗi, ya sayi dami biyar ko shida a ƙauye lokacin kaka. Ya ishe shi koyo.

Mataki na biyu: busarwa da murƙushewa

Nan hunturunmu ya yi mana rana. Abin da masana'anta a Amurka ke kashe wuta a kansa, iskar Disamba tana yi mana kyauta. Ana so danshin karan ya sauka zuwa kashi 10 cikin 100 ko ƙasa. Ba sai da na'ura ba: ɗauki dami ɗaya ka auna a sikeli, ka sake aunawa bayan kwana uku. Ranar da nauyin ya daina raguwa, kuma kara ya karye ƙas ba ya lanƙwashe ba, ya bushe.

Kada a jiƙa shi a tafki kamar yadda masu igiya ke yi. Su zaren kaɗai suke so, sai su bar damin a ruwa mako biyu ɓawon ya saki. Mu karan duka muke so, ɓawo da ciki.

Murƙushewa ita ce a fasa karan a tsaye ya zama zara-zara ba tare da an tsinke tsawonsa ba. Injin matse rake yana yi, haka ma ƙarafa biyu masu juyawa da mai walda zai haɗa. Idan babu, a shimfiɗa a kan daɓen siminti a bi shi da guduma ta katako. Manufar ita ce gam ya samu hanyar shiga ciki, domin karan da bai fashe ba zai zama rami a tsakiyar falanki. Daga nan a yanka daidai tsawon ma'aunin da za a matse a ciki, a kakkaɓe ƙura da ɓarɓashi. Ƙura tana shanye gam a banza.

Tun a nan ake maganin ƙwari. A narka boraks ko hodar borik a ruwa, giram 50 a kowace lita, a fesa wa karan ya jiƙu, a sake shanyawa. Yana hana gara da ƙwaron da ke huda katako, yana rage fumfuna, har saurin kama wuta yana ragewa. Aibinsa ɗaya, ruwa na wanke shi, don haka na cikin ɗaki ne. Baƙin mai da wasu ke shafa wa katakon rufi kada ya kusanci abin da yara za su yi rarrafe a kai.

Mataki na uku: gam

A nan aikin yake rayuwa ko ya mutu, kuma a nan na sha kunya. Gwajina na farko da kokon sitacin rogo na yi shi, na ƙara ƙaro don na ji an ce yana da danƙo. Falankin ya fito gwanin sha'awa, na yi ta yawo da shi ina nuna wa mutane. Kafintan nan bai ce komai ba, ya ɗauke shi ya jefa a bokitin da yake wanke hannu. Washegari muka tarar ya kumbura kamar burodin da aka tsoma a shayi, ana taɓawa yana rabewa. Ya dube ni ya ce, "To Malam, ga katakonka nan ya koma rama." Sitaci da ƙaro duk ruwa ne ke narka su, iyakarsu allon silin a ɗakin da rufinsa ba ya yoyo.

Farin gam na kafintoci yana da kyau don koyon hannu, domin ba ya buƙatar wuta. Amma yana laushi idan ya sha ruwa ko zafi, kuma tsadarsa ba za ta bari a yi ɗaki guda da shi ba.

Gam ɗin da masana'antun allo suka fi amfani da shi, na yuriya da fomaldihaid, yana da araha yana kamawa da sauri, sai dai bai jure ruwa sosai ba, kuma yana fitar da iskar fomaldihaid a hankali. Hukumar binciken ciwon daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa wannan iska cikin abubuwan da ke jawo kansa tun 2004. A ɗakin kwana mai zafin watan Afrilu, taga a rufe saboda sauro, ni dai ba zan sa shi ba. Ɗan'uwansa na fenol, mai launin ja-ja, shi ne mai jure ruwa da gaske kuma iskarsa kaɗan ce, in ka same shi wajen masu sayar da sinadaran masana'antu a Kano ko Legas.

Na waken suya tsohon abu ne, da shi aka riƙa haɗa filawud a Amurka tun shekarun 1920. Ana yin sa da tunkuzar waken da aka matse wa mai, a niƙa ta lukui. Wurin farawa: awo ɗaya na gari, awo uku na ruwa bisa nauyi, da sodar masu sabulu kimanin giram 5 ga kowane giram 100 na gari. A narka sodar a ruwa tukuna, da safar hannu da tabarau, sannan a zuba garin ana juyawa har ya yi kauri kamar kunu. Sodar tana warware furotin ɗin waken ya samu damar kama itace. Amma a san wannan: abin da ya sa na kamfani ke jure ruwa shi ne wani sinadari da suke ƙarawa mai ɗaure furotin ɗin da juna. Na gida ba shi da wannan, zai fi sitaci nesa ba kusa ba, amma bai kai na kamfani ba.

Akwai hanya ta biyar da ta fi burge ni. Masu bincike a jami'ar Kiyoto ta Japan sun nuna cewa sinadarin tsamin lemo, wannan farin garin da masu haɗa lemon kwalba da zoɓo ke saya, yana zama gam idan aka gasa shi da itace. Ana narka shi a ruwa, a fesa kimanin kashi 20 cikin 100 na nauyin karan, a busar, a matse da zafin digiri 180 zuwa 200. Tsamin yana haɗewa da jikin itacen, allon ya fito baƙi-baƙi mai jure ruwa. Wahalarsa zafin da yake so, ga shi yana cin ƙarfen ma'auni.

Ko wanne ka zaɓa, ƙa'idar shafawa ɗaya ce: kowane zare ya samu, kada kuma ya yi ɗiga. A tsoma, a tsane, a shanya a inuwa har ya rage ɗan danƙo kawai a hannu. Kara mai jiƙe da gam idan ya shiga wuta, tururi yana taruwa a cikinsa, ana buɗe ma'auni sai falankin ya tsage biyu.

Mataki na huɗu: ma'auni da matsi

Ka je wurin mai walda da lissafinka a hannu. Ka ce ya yi maka akwatin ƙarfe mai kauri, tsawo santimita 60, faɗi 10, zurfi 20, da murfi mai shiga ciki daidai, da ramukan noti a gefe don a kulle murfin bayan an matse. Zurfin ya yi yawa a ido, amma karan rama sakayau yake, sai an danne shi ya ragu ƙwarai daga tsayinsa.

Ga dalilin da ya sa ma'aunin ya zama ƙarami. Ana son matsin da ya kai kilo 30 a kan kowane santimita murabba'i. Fuskar ma'aunin nan 60 sau 10 ce, wato 600. Idan ka ninka da 30, kilo 18,000 ke nan, tan 18. Jak ɗin babbar mota mai tan 20 ko 30 zai iya. Amma da ka ce allo mai mita ɗaya kowane gefe kake so, tan 300 kake nema, wannan kuwa sai masana'anta. Mutane da yawa a nan suke faɗuwa: su yi babban ma'auni da ƙaramin jak, abin ya fito kamar katifa.

Nawa za a zuba? Katako mai kyau na daɓe yana da nauyin giram 0.8 a kowane santimita na cika. Falanki mai 60 da 10 da kaurin 2 cikarsa 1,200 ce, nauyinsa ya kama giram 960. Wato busasshen kara wajen giram 850, busasshen gam wajen 110. Auna a sikeli kowane zubi. Idan kana yi da ido, falankinka ba za su zo kai ɗaya ba.

A shafa wa ma'aunin ɗan mai ko a shimfiɗa takardar gashi. A jera karan duk a kwance bisa tsawon ma'aunin, gindi da kai a gauraye, domin gindi ya fi kauri, in suka taru gefe ɗaya can zai fi tauri. A cika kusurwoyi da kyau. A ɗora murfi, a hau jak a hankali, ana tsayawa minti ɗaya ko biyu iska ta fita, har murfin ya sauka kan alamar santimita 2. A ɗaure notuna, a sauke jak. Firam ɗin da jak ke tokarewa ya zama na ƙarfen gada mai kauri, kuma kada kowa ya tsaya saitinsa. Tan 20 idan walda ta ɓalle ba wasa ba ne.

Sai gashi. Ma'aunin a kulle ake sa shi a tanda. Ganga da aka kwantar aka yi mata ƙofa tana yi, murhun gidan burodi bayan an kwashe burodi ma yana yi. Makamashi kuwa, a jihar da injinan casar shinkafa na Argungu da Birnin Kebbi ke tara ɓuntu tsibi-tsibi, kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyin shanshera, ba sai an ƙona itace don a ceci itace ba. Ga gam na waken suya, a fara da digiri 120 zuwa 140 na awa ɗaya zuwa biyu, da ma'aunin zafi a jikin gangar. A bar shi ya huce sarai kafin a kwance noti. Na taɓa yin gaggawa na buɗe da zafinsa, falankin ya taso ya ƙara kusan rabin santimita a gaban idona.

Bayan an fitar, a jera su a inuwa da 'yan sanduna a tsakani, a ɗora nauyi a sama, mako biyu. Sannan a kai injin fere katako a daidaita fuska da gefe. Zaren rama na dakushe kaifi da wuri, ka gaya wa mai injin tun kafin ya fara don kada ku yi faɗa.

Mataki na biyar: gwaji

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Daga kowane rukunin falanki da ka yi, ka ware guda uku na hadaya.

Na farko ka yanka ƙanana, ka auna kaurinsu, ka nutsar a ruwa awa 24, ka sake aunawa. Irin gwajin da ake yi wa allon masana'anta ke nan. Ƙa'idata ita ce, idan milimita 20 ta wuce 23, wannan ba na ƙasa ba ne, a yi silin ko bayan kabad da shi. Na biyu ka ɗora shi a kan bulo biyu ka taka tsakiya, ka buga masa ƙusa kusa da baki ka ga ko zai tsage, ka ja ƙafar kujerar ƙarfe a kansa. Na uku ka binne rabinsa kusa da shuri, tare da guntun farin katako na kasuwa a gefensa, ka dawo bayan wata uku ka ga wanda gara ta fi so.

Wanda ke son lamba a rubuce, ya kai samfur sashen injiniya na kwalejin kimiyya ta Waziri Umaru a Birnin Kebbi ko jami'ar Aliero ya nemi a gwada masa ƙarfin lanƙwasa. Ɗaliban da ke neman abin bincike na shekarar ƙarshe za su yi murna da shi.

Kada kuma a yaudari kai. Abin da jak ɗin mota ya matse ba zai kai taurin na masana'anta ba. Kuma ko na masana'antar ba a yin ginshiƙi ko azara da shi, na daɓe ne da tebur da ƙyaure da firam.

Mataki na shida: shimfiɗawa

Yi lissafi tukuna. Ɗaki mai ƙafa 12 da 12 ya kai mita murabba'i 13. Kowane falanki namu yana rufe 0.06, ana buƙatar wajen 216, da na asara a ce 240, kara sama da kilo 200. Karan ba shi ne matsala ba, ko tan 5 kacal hekta ta ba ka, ɗaki ashirin ke nan da ɗoriya. Matsalar lokaci ce. Ma'auni ɗaya ba zai wuce falanki uku ko huɗu a yini ba, wata biyu ko fiye ke nan a kan ɗaki guda. Mafita biyu ce: a yi ma'auni goma jak ɗaya na bin su, ko a matse dunƙule mai kauri a tsaga shi sirara-sirara da zarto a manna a kan filawud. Haka kamfanin Kentaki ke yin na daɓensa, 'yan milimita kaɗan ne a sama, ƙasan filawud ne, kuma hakan yana rage motsi.

Motsin nan shi ne babban abokin gaba a ƙasarmu. A watan Janairu danshin iska yana faɗuwa ƙasa da kashi 20 cikin 100, a Agusta ya haura 70. Duk wanda ƙyauren ɗakinsa ke cijewa da damina ya saki da hunturu ya san zancen. Idan ka shimfiɗa a tsakiyar hunturu ka matse su, da damina za su kumbura su yi tozo. Idan ka shimfiɗa a Agusta, da hunturu za ka ga tsaga har tsabar kuɗi ta shige. Ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba ya fi, lokacin da iska ke tsaka-tsaki.

Daɓen simintin ya bushe da gaske. Sabo a ba shi wata biyu zuwa uku. Don tabbatarwa, yanki leda mai faɗin santimita 45 kowane gefe, ka manne bakinta duka da tef a kan daɓen, ka bar ta kwana ɗaya. In ka ɗaga ka ga raɓa ko wurin ya yi duhu, a ƙara jira. Ka ɗora doguwar sanda miƙaƙƙiya ka duba kwari da tudu, a cike a goge. A yi feshin gara a gindin bango.

A kawo falankin cikin ɗakin su kwana goma zuwa mako biyu su saba da iskarsa. A shafe su da banish ko man katako ta kowace fuska, har ƙasa da bakin da aka yanka, domin ta baki ruwa ya fi shiga. A shimfiɗa leda mai kauri a kan simintin, gaɓa ta hau kan gaɓa da santimita 20, bakinta ya ɗan hau bango. A kan ledar a kwantar da filawud ko sirara-siraran katako da aka yi wa magani, a kansu za a kafa falankin da gam da ƙananan ƙusoshi.

A fara daga bango mafi tsawo, a ja igiya don layin farko ya miƙe, domin duk karkatar da ya yi sauran za su gada. A bar tazarar milimita 10 zuwa 12 tsakanin katako da bango ta kowane gefe, a sa 'yan guntaye su riƙe ta har a gama. Kafinta zai so ya cike wannan tazara don a ganinsa aiki bai yi kyau ba. Hana shi, allon gindin bango zai rufe ta. Gaɓoɓi kada su zo saiti ɗaya, a goce su kamar jerin bulo. In an gama a bi da samfefa, mai kaushi sannan mai laushi, a share, a ƙara banish shafi biyu.

Inda bai dace ba: banɗaki, kicin, bakin ƙofar da ruwan sama ke bugowa, da kusurwar da ake alwala ko ake ajiye randa. Gidan da ke hanyar ambaliya, kamar garuruwan bakin gulbi da suka sha ruwa a 2020, su tsaya a kan siminti ko tayil, su kai rama sama ta zama silin, inda za ta tare zafin kwano. A gaya wa masu gida kuma cewa shara da tsumma mai ɗan danshi ne kawai, ba a kwara bokiti a bi da tsintsiya.

Ɓarɓashin farin karan da ya rage kada a zubar. A Faransa tun wajen shekarun 1990 suke cakuɗa irinsa na wiwi da farar ƙasar gini da ruwa, kusan awo huɗu na ɓarɓashi, ɗaya na farar ƙasa, ɗaya na ruwa, su cusa tsakanin ginshiƙai ya zama bango mai hana zafi shiga. Ba ya ɗaukar nauyin rufi, kuma farar ƙasar tana cin hannu, sai da safa. Namu mun zuba shi a bangon wani ɗan akurkin kaji don mu ga yadda zai yi da damina.

Falankin da suka tsira daga bokiti kuwa, guda goma sha biyu ne, na tsamin lemo. Kafintan ya ƙi yarda a sa su a ƙasa tukuna. Ya yi benci da su ya ajiye a ƙofar shagonsa, inda rana ke duka, masu jiran aiki ke zama, almajirai ke ɗora kwanoninsu. Ya ce in ya ga Agusta biyu bai buɗe baki ba, ɗakinsa za mu fara shimfiɗawa.